Lafiyar Kare da Kyanwa a Gidajenmu

Jama'a masu saurare, manoma da makiyaya, maza da mata, musamman ɗalibanmu na azuzuwan yaƙi da jahilci da ke zaune yanzu kewaye da akwatin rediyo. Daga Maraɗi nake yi muku magana. Yau za mu taɓa dabbobi biyu waɗanda ba a kai su kasuwa, ba a yanka su ran suna, ba a kuma lissafa su cikin gado, watau kare da kyanwa, wadda mu nan muke ce wa mussa.

Na san wani zai ce malam ya rasa abin faɗi ne, ya bar saniya da jar akuya ya koma kan kare. To, ku je Jiratawa, cikin lambunan noman rani inda ake tsinkar zogale, ku tambayi mai lambu wanda ke yi masa gadi da dare. Ku bi gulbi daga Madarunfa har Tsibiri, ku duba ko akwai rugar da ba ta da kare. Ku tambayi uwargida abin da ɓera ke yi wa gero da gyaɗa da wake a shekarar da babu kyanwa kusa da rumbu. Aiki suke yi mana, ba ma biyansu ko dala. Maganar najasa da wanke ƙwarya ta malaman addini ce, su za ku tambaya. Amma duk wanda ya zauna gabansu ya ji hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, ya kuma ji na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai jin ƙishirwa.

Bayan haka akwai wani dalili da ya fi wannan matsa mana. Babba yana ƙyamar kare, yaro ba ya ƙyamarsa. Yaro ne ke ɗaukar kwikwiyo, shi ke kwana da mussa a tabarma ɗaya, shi ke wasa a ƙasar da suka yi kashi. Saboda haka cutar da ta kama dabbar gida, ƙofar ɗakin yara ta tsaya.

Bari mu fara da yadda ake duba dabba. Ba ta da bakin da za ta ce ga inda ke yi mata ciwo, sai mai ita ya karanta jikinta kamar yadda kuke karanta allo. Farko a dubi cinta. Kare lafiyayye ba ya ƙin abinci. In ya ƙi yini guda, a sa masa ido, in ya kai kwana biyu, lalle akwai magana. Sannan a ɗaga leɓensa na sama a dubi dasashi. Na mai lafiya jaja-jaja ne, da danshi. In ya koɗe ya yi fari, jini ya ƙaranta, galibi aikin kaska ne ko tsutsar ciki. In ya yi rawaya kamar na mai shawara, hanta ce ko jinin ne ke lalacewa. Kana a kama fatar bayan wuya a ja a saki. In ta koma nan take, ruwan jiki da sauransa. In ta tsaya kamar an naɗe tsumma, ruwa ya ƙare. Wanda yake da ma'aunin zafi ya sani zafin jikin kare da na kyanwa ya ɗara na mutum, digiri 38 zuwa 39 ne daidai gare su, kada ya ga 38 ya ce zazzaɓi ne. Sai dai ku riƙe wannan da kyau: duk wannan dubawar ta dabbar da halinta bai sake ba ce, wadda kuka san ba abin da ya cije ta. Wadda halinta ya sake ba a taɓa bakinta ko kaɗan. Zan dawo kanta.

Da damina ta faɗi, kaska ke fara damun karnuka. Tana maƙalewa cikin kunne, da tsakanin yatsu, da ƙarƙashin wuya. Shan jini ba shi kaɗai ne laifinta ba, tana zuba wa kare ƙwayoyin cuta masu fasa jini, har ka ga ya rame, fitsarinsa ya yi ja ko ya yi duhu. Ana cire ta da hantsaki, a kama daidai bakinta kusa da fata, a ja a hankali, a jefa wuta. Kada a murje ta da farce. Kuma a share makwancin karen a ƙone sharar, domin ƙwanta a tsagar bango da ƙasa yake. Ƙazwa kuwa, wadda ke zubar da gashi, fata ta yi kauri, kare ya yi ta susa har ya ji wa kansa ciwo, tana da magani na allura da na wanka wurin ma'aikatan kiwo, kuma tana warkewa in an jure makonni. Abin da ba na so in ƙara gani shi ne baƙin mai. Mutum ya tafi wurin masu gyaran babur ya ɗebo, ya shafe kare da shi tun daga kai har wutsiya. Fata ta ƙone, kare ya lashe, hanji ya ɗauka. Haka nan maganin feshin lambu. Masu lambu a Jiratawa da gefen gulbi suna da shi a hannu kullum, sai wani ya ce tun da yana kashe ƙwarin kabeji zai kashe ƙuma. Zai kashe ƙuma, ya haɗa da karen, wani lokaci har yaron da ya yi wankan ya kwana a likita.

Tsutsar ciki kusan kowane kwikwiyo da ita ake haihuwarsa, daga uwa yake samu. Alamarta ciki ya yi tulu, haƙarƙari a waje, gashi ba sheƙi. Akan fara ba shi magani yana da mako 2, a maimaita bayan kowane mako 2 har ya kai wata 3; babban kare kuwa sau ɗaya cikin wata 3. Da nauyin dabba ake auna maganin, don haka a bar ma'aikaci ya faɗi adadin. Ƙwan wannan tsutsa yana daɗewa cikin ƙasa, yaro mai rarrafe ya kai hannu baki ya haɗiye. Shi ya sa kwashe kashin kare daga tsakar gida kowace safiya yana cikin maganin.

Akwai wata tsutsa kuma da nake so mahauta da masu layya su ji labarinta. In kun fede rago ko raƙumi ko saniya kuka ga wani ƙulli mai ruwa a jikin hanta ko huhu, kamar ƴar mafitsara, al'adarmu a yanke wurin a jefa wa kare. To, cikin ruwan nan ƴaƴan tsutsa ne. Kare ya ci, su girma a hanjinsa, shi bai ji komai ba, ƙwansu ya fito a kashinsa ya maƙale a gashinsa da ganyen lambu. Mutum ya haɗiye, bayan shekaru irin wannan ƙulli ya fito masa a hanta, sau da yawa sai an yi masa aiki. A haƙa rami mai zurfi a binne irin wannan nama, ko a ƙone shi.

Ciwon da ya fi kashe ƴan kwikwiyo shi ne amai da gudawa mai jini, mai wari ƙwarai. Likitoci na ce masa farbo, a shekarar 1978 ya ɓulla ya bazu duniya. Babu maganin da ke kashe ƙwayar cutar, abin da ke ceton kwikwiyo ƙarin ruwa ne da wuri, domin rashin ruwa ke kashe shi cikin kwana biyu ko uku. Kafin a kai ga ma'aikaci ana iya ba shi ruwan gishiri da sukari irin na yara, kaɗan-kaɗan da cokali. A ware shi daga ƴan'uwansa, a wanke wurin da ruwan jabel. Yana da allurar rigakafi da ake fara yi tun kwikwiyo yana da mako 6 zuwa 8.

Kyanwa ba ta da yawan laulayi, sai mura: atishawa, kwantsa ta rufe ido, hanci ya toshe. In ba ta jin ƙanshi ba ta ci, sai a goge mata ido da hanci da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, a ɗumama mata abinci. Makero da ke cin gashinta gewaye-gewaye yana kama kan yara, sai a yi wa duka biyu magani tare. Mace mai ciki kada ta kwashe kashin kyanwa da hannunta, akwai cutar da ke bi ta nan ta taɓa ɗan da ke ciki. Babban abin da ke kashe mussa a gidajenmu shi ne tausayi marar sani. Uwargida ta ga mussarta ta yi laushi, ta ɓallo farasitamol ta ba ta. Ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe ta, domin hantar kyanwa ba ta iya narkar da shi. Haka kuma wasu magungunan ƙuma na kare guba ne gare ta. Ga kuma maganin ɓera: ɓera ya ci, mussa ta ci ɓera.

To jama'a, duk waɗannan da na lissafa suna ba mutum lokaci. Ana iya kwana a yi shawara, a jira ranar kasuwa. Akwai guda ɗaya da ba ya jira, shi ne ciwon haukan kare, kuma dominsa na zo yau.

Ƙwayar wannan cuta a cikin yawu take. Tana shiga ta cizo, ko yakushi, ko lasar wurin da fata ta buɗe. Ba ta bin jini, jijiya take bi sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Tafiyar takan ɗauki wata 2 ko 3, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Nan ne yaudarar take. Ciwo ya warke, tabo ya bushe, kowa ya manta, alhali cuta tana kan hanya. Cizon fuska da wuya da yatsu ya fi hatsari, domin hanyar gajera ce ko jijiyoyin wurin suna da yawa, kuma nan ne kare ke kama yaro saboda tsawonsu ɗaya. Ranar da alama ta fito ga mutum, ya fara tsoron ruwa, maƙogwaro ya shaƙe in ya ga moɗa, to babu likitan da ke da magani, ko a Yamai ko a Faransa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa da shi kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya. Cikin kowane 100, har 99 daga kare suke samu, kuma cikin kowane 10, wajen 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba.

Kowa ya san mahaukacin kare mai gudu, ido ja, yana cizon icce da dutse da duk abin da ya tare shi, muryarsa ta dishe. Wannan ba ya ɓuya, gari duka ke fitowa da sanda. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai shiru. Kare ya nemi lungu mai duhu ya kwanta, muƙamuƙinsa ya saki, baki a buɗe, yawu na dalala, ba ya iya haɗiya, daga baya ƙafafun baya su mutu. Mai shi ya ce ƙashi ne ya maƙale masa a wuya, ya naɗe hannun riga ya zura hannu ya ciro. Hannun manomi kuwa ba ya rasa tsaga. Haka makiyayi ke yi wa saniya ko akuyar da kare ya ciza wata biyu baya, in ta fara dalala da kuka ba dalili. Kuma kada ku gwada kare da ruwa ku ce tun da ya kusanci ruwa lafiyarsa lau. Tsoron ruwa alamar mutum ce, mahaukacin kare yana iya tsoma baki cikin kwano. Alamar da ta fi gaskiya ita ce sakewar hali. Mai faɗa ya yi laushi yana bin mutane yana lasa, ko mai sanyin hali ya ciji mai gidansa. Mussa ma haka: wadda aka sani kyanwar Lami ce, ba cizo ba yakushi, in ta wayi gari tana afka wa ƙafar mutane, a yi nesa da ita. Dila ko yanyawa da ta shigo gari da rana tsaka ba tsoro, ita ma abin zargi ce.

Idan kare ya ciji mutum, aikin farko a gida yake, kuma kuɗinsa sabulu ne. A wanke wurin da ruwa mai yawa da sabulu, ana zubawa ana cuɗawa, har minti 15. Minti 15 yana da tsawo, ya kai a dama fura a sha a wanke ƙwarya. Wanda ke da agogo ko waya ya duba. Sabulu yana fasa rigar ƙwayar cutar, ruwa ya tafi da ita. In akwai alkol ko Bétadine a zuba bayan wankin. Kada a sa barkono, ko toka, ko ƙasa, ko taba. Kada a ɗaure tamau, kada a nemi mai ɗinki. Na san akwai masu cewa a tsigo gashin karen a ƙona a shafa, har da masu neman hantarsa. Dalilin da ya sa mutane suka yarda da wannan shi ne ba kowane kare mai cizo ne mahaukaci ba, kuma ba kowane cizon mahaukaci ne ke sa cuta ba; waɗanda suka tsira suna yaba gashi, waɗanda ba su tsira ba suna kushewa, ba mai jin ta bakinsu. Ga shi kuma wanda ya je tsigar gashin yakan samo nasa cizon.

Bayan wanki, ran nan ran nan a tafi likita, ko da ciwon bai fi yakushin ƙaya ba. Mutumin Tsibiri ko Jiratawa ya fara da likitar garinsu, in babu allurar can su za su nuna masa inda zai same ta a Maraɗi. Allurar ba ɗaya ba ce, ana yinta a ranaku daban-daban da likita zai rubuta a takarda, kuma sai an cika su duka. In cizon ya yi zurfi, akwai wani magani kuma da ake yi a cikin ciwon kansa, da allurar tetanos. Mai ciki tana yi, jariri yana yi. Wanda ya yi sakaci har mako ya wuce, ko wata, ya tafi duk da haka, muddin alama ba ta fito ba. Allurar tana da tsada ga talaka, ban ɓoye muku ba, wani sai ya sayar da akuya. A sayar. Kuma a ganina mai karen da bai yi wa karensa rigakafi ba shi ya kamata ya ɗauki wannan nauyi, mai unguwa ya tsaya a kai.

Ku riƙa tambayar yaranku. Yaro yakan ɓoye cizo don tsoron duka, tun da an hana shi wasa da kare. Uban da ya doki yaro a kan cizon farko ba zai ji labarin na biyu ba.

Sai maganar karen da ya yi cizon. Mun saba da abu biyu, ko a kashe shi nan take a jefar a bola, ko mai shi ya kore shi don gudun rigima. Duka biyu ɓatar da shaida ne. In karen gida ne sananne, ana iya tsare shi ba tare da wani ya shiga hatsari ba, a ɗaure shi da sarƙa inda yara ba sa zuwa, a tura masa ci da sha daga nesa, a sanar da ma'aikatan kiwo, a ƙirga kwana 10 ko abin da suka ƙayyade. Karen da cutar ta riga ta sauko masa a yawu ba ya wuce kwanakin nan bai nuna alama ko ya mutu ba. In ya cika su garau yana ci yana sha, hankali ya kwanta. Amma ba a jiran ƙirgar kafin a fara allura, tare suke tafiya. In kuwa ya zama dole a kashe shi, kada a fasa kansa, kada a fede shi, kada yara su ja shi a titi. Ƙwaƙwalwar ake aunawa, kuma ma'aikatan kiwo ne suka san yadda ake aika ta babban ɗakin binciken dabbobi na ƙasa, LABOCEL, a Yamai. A kuma faɗa musu sauran karnuka da dabbobin da ya ciza a hanya.

Wannan allura ba sabuwa ba ce. Ran 6 ga Yuli 1885 wani masani a Faransa, Luwi Fasto, ya fara gwada ta a kan yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya yi wa kaca-kaca, yaron ya rayu har ya manyanta. Don tunawa da ranar rasuwar wannan masani ne aka keɓe 28 ga Satumba ta zama ranar yaƙi da ciwon haukan kare a duniya. Abin da masana suka gano daga baya shi ne yi wa kare allura ya fi yi wa mutum sauƙi nesa ba kusa ba, kuma in aka yi wa karnuka 7 cikin kowane 10 na gari, cutar ba ta samun gadar da za ta haye. Ba a ƙasar Turawa kaɗai aka gwada ba. A Njamena, babban birnin maƙwabciyarmu Cadi, an bi unguwa-unguwa a 2012 da 2013 aka kai wannan adadi, aka yi watanni ba a ga mahaukacin kare ba. Da aka dakata, cutar ta sake shigowa daga karkara. Ƙasar Meziko kuwa ta jure shekara da shekaru, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a 2019 cewa ta rabu da haukan kare mai kama mutane ta hanyar karnuka.

Ana yi wa kare da kyanwa allurar tun suna wata 3, a riƙa sabuntawa kowace shekara. Ba a kiwon kare ranar farauta, mafarauta sun fi ni sanin wannan, kuma su nake roƙo su fara, domin karnukansu ke shiga daji su gamu da dila, su ke kuma cuɗanya da karnukan wasu garuruwa in an fita da rani. A yi allurar wurin ma'aikacin kiwo ko likitan dabbobi mai izini, wanda ke ajiye ta cikin sanyi. Wadda ta yini a rana kan faranti a kasuwa ruwa ce kawai. Kuma a karɓi karne. Ɗalibanmu, ga inda karatunku zai yi muku rana: ku duba da idonku an rubuta ranar da aka yi, da ranar da za a sake, da hatimi. Ranar da karenku ya ciji ɗan maƙwabci, wannan ƴar takarda ce za ta yi magana gaban mai unguwa da gaban likita.

Malaman azuzuwa, ga aikin wannan mako. Kowane ɗalibi ya ja layi uku a littafinsa, ya zaga gidaje 10 na kusa da shi, ya rubuta yawan karnuka a layin farko, yawan kyanwoyi a na biyu, waɗanda ke da karne a na uku. Ku haɗa jimla a babban allo, ku kwafe a takarda mai tsabta, mutum biyu su kai wa mai gari da ma'aikacin kiwo na yankinku, su tambaye shi ranar da zai iya zuwa da allura in an tara masa dabbobin wuri ɗaya. Ku aiko mana da amsar da ya ba ku, da sunan garinku, za mu karanta a wannan fili. Sai mako mai zuwa war haka in Allah ya kai mu.